Yadda za ka bambance gilashin da dutsen sama ya haifar daga tartsatsin mai walda

Idan ka ɗebi ƙurar da ta taru a bakin indararo, ka wanke ta, ka duba da madubi mai ƙara girma, za ka ga wasu 'yan ƙwayoyi mulmulallu, wasu baƙaƙe wuluk, wasu masu ɗaukar ido, waɗanda ba su kai milimita ɗaya ba. Da wuya ka sami rufi a Sakkwato da babu su, daga Mabera har Runjin Sambo. Wanda ya gan su karon farko, in dai ya taɓa jin cewa duwatsun sama na haifar da ƙwayoyin gilashi, nan take zai ce ya tsinci abin sama. To, kama da wane ba ta wane. Duk abin da ya narke, ya tashi a iska, ya daskare kafin ya taɓa ƙasa, mulmulalle zai fito, ko wutar walda ce ta narkar da shi, ko karon dutsen da ya fi shiyya guda girma. Siffa ba ta isa shaida ba. Shaidar tana cikin sinadaran da suka haɗu suka yi ƙwayar, da yawan kowannensu.

Na yi aikin awon sinadarai a ɗakin gwaji na masana'antar siminti, inda kullum abin da ke gabana shi ne jadawalin silika da alumina da kalsiyam da ƙarfe. Irin wannan jadawalin ne masana duwatsu suke karantawa su ce wannan gilashi daga rami kaza ya fito. Ba wani sirri ba ne da ya gagari malamin kimiyya na sakandare ko ɗalibin da ya kai aji biyar. Shi ya sa nake son in shimfiɗa hanyar tun daga kan rufi har zuwa takardar sakamako.

Abu biyu ne, kada ka gwama su

Na farko shi ne wanda masana ke kira tektait. Idan babban dutse ya faɗo daga sararin samaniya, gudunsa ya haura kilomita 11 a daƙiƙa ɗaya. Zafi da matsin karon suna narkar da ƙasar da ke saman wurin, narkakken ya fantsama sama kamar yadda mai ke fantsama idan an jefa ƙosai a kasko, sai dai wannan fantsamar tana kai ɗaruruwa ko dubban kilomita. Ɗigon yana hucewa da sauri tun yana iska, bai sami sukunin yin kiristal ba, sai ya zama gilashi. Manya sukan cika tafin hannu. Waɗanda ba su kai milimita ɗaya ba su ne ƙananan tektait, kuma wani masani mai suna Billy Glass ne ya fara ba da rahoton samunsu a cikin laka ta ƙarƙashin teku a 1967. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, tektait ƙasar duniyarmu ce da ta narke. Rabon dutsen da ya faɗo a jikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Manyan filayen da aka san tektait ta warwatsu guda huɗu ne. Na Arewacin Amurka ya kai shekara miliyan 35, raminsa yana ƙarƙashin mashigin Chesapeake. Na tsakiyar Turai, mai koren gilashin da ake haƙowa a Jamhuriyar Cek, ya kusa shekara miliyan 15, daga ramin Ries na Jamus. Na yankin Asiya da Ostireliya shi ne mafi faɗi, ya rufe fiye da kashi 10 cikin 100 na doron duniya, shekarunsa wajen 790,000. Na huɗun shi ne namu na Afirka ta Yamma, kuma shi na fi son mutanenmu su sani. Kusa da Kumasi a Gana akwai tafkin Bosumtwi, wanda ke zaune cikin rami mai faɗin kilomita 10 da rabi. Dutsen sama ne ya haƙa shi, shekara miliyan 1.07 da suka wuce. Gilashin da ya fantsama daga can ya sauka a Kwaddibuwa, ƙananan kuma an same su a lakar Tekun Atlantika, daura da gaɓar Afirka ta Yamma. Ba da ido aka danganta su da Bosumtwi ba. Shekarunsu ne suka zo ɗaya da na gilashin da ke bakin ramin, sannan awon sinadaran sitirontiyam da niyodimiyam ya nuna an narkar da su ne daga tsofaffin duwatsun yankin, masu shekara wajen biliyan 2.

Daga nan ka ga cewa ƙaramar tektait ba za ta kwanta a kan rufinka ba, tunda ta riga rufin sauka da shekara miliyan guda. Duk wanda ya ce maka ya sharo ta daga kan kwano, bai fahimci abin da ya tsinta ba.

Abu na biyu shi ne wanda rufi ke iya kamawa: ƙurar sararin samaniya. Waɗannan gutsattsarin duwatsun sama ne ƙanana ƙwarai, da ke shigowa dare da rana, su narke saboda gogayya da iska tun suna can sama, su dunƙule, su sauko a hankali. Wani bincike da aka yi a ƙanƙarar Antatika, aka fitar a 2021, ya ƙiyasta cewa tan 5,200 ke isowa ƙasa kowace shekara. An daɗe ana ɗaukar cewa ba za a iya tsamo su daga dattin birni ba, sai da Jon Larsen, wani makaɗi ɗan ƙasar Norwe, ya nace. A 2017 shi da wani masani mai suna Matthew Genge suka ba da rahoton ƙwayoyi wajen 500 da aka tsamo daga kilo 300 na dattin rufi. Ka raba ka gani: ko biyu ba ta cika ba a kowane kilo. Ka shiga aikin da wannan lissafi a ranka.

Hawan rufi

Yanayinmu na taimakawa ta wani gefen, yana cutarwa ta wani. Daga ƙarshen damina zuwa faɗuwar ruwan farko, rufi yana yin wata bakwai ko fiye babu abin da ya wanke shi, kuma rashin danshi yana hana ƙwayoyin yin tsatsa. Amma hunturu yana lafta mana ƙurar da ta taso tun daga kwarin Bodele a Cadi, ga yashin da iska ke kwasowa daga fili, saboda haka abin da kake nema yana nutse cikin tarin da ya ninka shi sau dubbai. Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen bazara, daf da ruwan farko. Ka nemi rufin kankare mai katanga kewaye, irin na makarantu da manyan masallatai da benaye, domin ƙura na maƙalewa a kusurwoyi da bakin mazurarar ruwa. Rufin kwano mai gangara ba ya riƙe komai. A nan dabara ita ce ka tara babban baho ƙarƙashin indararo ranar ruwan farko, ka bar lakar ta kwanta. Soron ƙasa kuwa ka bar shi, domin yaɓen kansa ne za ka yi ta sharowa. Ka kuma zaɓi ginin da ya yi nisa da masu walda da maƙera da masu gyaran mota gwargwadon iko.

Abu biyu nake roƙon kada a yi wasa da su. Ka hau bayan sallar asuba, ka sauko kafin hantsi. Zafin bazara a nan yana wuce digiri 40, kwano kuma yana ƙona tafin hannu tun ƙarfe goma ba ta yi ba. Sannan wanda ke kan rufi yana hangen tsakar gidan maƙwabta. Ka je tun jajibiri ka yi sallama, ka ce, "Baba Alhaji, gobe da sassafe in Allah ya kai mu zan hau rufi in kwashe ƙura, don Allah a gaya wa mutanen gida." Ilimin da ya keta haƙƙin maƙwabci ba shi da albarka. Idan ginin makaranta ne ko masallaci, ka nemi izinin shugaban makaranta ko liman, kuma kada ka tura yara su hau su kaɗai.

Ka share da sabuwar tsintsiya ko burushi a hankali, ka zuba a bokitin roba. Kayan ƙarfe masu tsatsa suna ƙara maka abin da za ka sha wahalar cirewa daga baya.

Wanki da tacewa

Zuba ruwa da ɗan garin sabulu, ka dama, ka jira rabin minti, ka tsiyaye ruwan saman da ya ɗauki laka da kashin tsuntsaye da ganye. Ka yi ta maimaitawa har ruwan ya fito garau. Shanya abin da ya rage a inuwa, a cikin ɗaki, a rufe da tsumma. Bayan ya bushe ka tankaɗe da rariyar gari, sannan da matacin shayi. Mafi yawan ƙurar sama da ake samu a rufi tana tsakanin milimita 0.2 da 0.4, don haka abin da ya ratsa matacin shi ne naka. Idan makarantarku na da rariyoyin ɗakin gwaji masu lamba, aikin zai ragu sosai.

Yanzu sai mayen ƙarfe. Na tsohuwar lasifika zai yi, amma ɗan ƙaramin nan mai ƙarfi da ake cirowa daga ma'ajiyar tsohuwar kwamfuta ya fi. Sa shi cikin leda, ka bi saman garin da shi ba tare da ka danna ba, ka kai kan farin farantin tangaran, ka zare mayen daga ledar, abin da ya kama ya zube. Kada ka zubar da ragowar. Mutane da yawa a nan suke asara, domin gilashi zalla, ko na tektait ko na ƙurar sama da ta narke gaba ɗaya, mayen ƙarfe ba ya jan sa sosai, wani ma ko kaɗan. Ka shimfiɗa ragowar a kan farar takarda, ka ɗan karkata ta, ka riƙa ƙwanƙwasa gefe da yatsa. Mulmulallu za su gangaro su bar yashi mai kusurwa a baya.

Madubin da ke ƙara girma sau 40 ya isa farawa. Na ɗakin gwajin makaranta zai yi idan ka haska fitilar waya daga gefe, haka ma ƙaramin nan da ake jonawa da kwamfuta. Ɗauki ƙwaya da tsinken sakace da ka jiƙa bakinsa kaɗan. Kada ka yi aikin ƙarƙashin fanka. Idan za ka ɗauki hoto, ajiye ƙwayar gero ɗaya a gefe don mai kallo ya gane girman abin.

Abin da ido ke iya korewa

Ido ba ya tabbatarwa, amma yana rage tarin. Ƙwaya mai sheƙin ƙarfe, mulmulalliya sumul, wani lokaci da rami ko wutsiya, wadda ta zo da 'yan'uwanta ɗari, tartsatsin walda ne ko na injin yankan ƙarfe. Wadda take garau babu launi, duk girmansu ɗaya, yawanci irin ƙwayoyin gilashin da ake barbaɗawa a fentin titi ne don ya yi walƙiya da dare. Ja ko ruwan ƙasa marar sheƙi, wadda idan ka murƙushe ta ka ga ɓawo a kan ɓawo, ƙwayar marmara ce ko ta dutsen ƙarfe. Ƙasar Sakkwato cike take da su, kuma a ruwa da ƙasa suka dunƙule, wuta ba ta taɓa su ba. Mai kumfa-kumfa, fara-fara ko toka-toka, mai saurin fashewa, daga ƙona shara ko kara ta fito.

Wadda za ka ware gefe ita ce baƙa ko ruwan toka mai duhu, wadda sau da yawa ta ɗan yi tsawo maimakon ta mulmule sosai, a jikinta akwai siraran layuka jere, ko ƙuraje ƙanana, ko wani ɗan ƙullin ƙarfe a gefe ɗaya. Layukan nan kiristal ɗin wani ma'adini mai suna olibin ne da suka fito lokacin da ɗigon ke hucewa. Ka ware kuma gilashi mai ruwan zuma ko kore ko ruwan ƙasa, musamman mai siffar ɗigon ruwa.

Awo, da yadda ake karanta shi

Na'urar da muke amfani da ita a aikin siminti, wato XRF, ba ta dace da wannan ba, domin tana son gari mai auna giram-giram, kai kuwa ƙwaya ɗaya ce da kai. Abin da za ka nema shi ne madubin lantarki, SEM, wanda ke haɗe da ma'aunin sinadarai, EDS. Fara da sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka nuna musu hotunanka, su za su san inda na'ura ke aiki a lokacin. A Kaduna akwai ɗakunan gwaji na hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa, a Zariya kuma akwai cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ka roƙi mai na'urar abu uku: ya auna wuri uku ko fiye a jikin kowace ƙwaya, ya ba ka sakamako a lissafin oksaid, kuma in zai yiwu a dasa ƙwayar cikin roba a goge ta har cikinta ya bayyana. Fatar waje takan yi ƙarya, saboda ƙura da tsatsa da abin da ruwa ya zare.

Idan takarda ta zo hannunka, ga tsarin da nake bi.

Fara da sodiyam, Na2O. Gilashin kwalba da na taga yana da silika wajen kashi 72, sodiyam kashi 13 zuwa 15, kalsiyam wajen kashi 10, alumina kuwa 1 ko 2 kacal. Masana'anta ke zuba sodiyam da gangan don yashi ya narke da ƙaramin zafi. Tektait ba ta da wannan gata. Sodiyam ɗinta bai cika wuce kashi 2 ba. Saboda haka da ka ga sodiyam ya haura 10, ka rufe takardar, aikin ɗan Adam ne. Wannan layi ɗaya yana sallamar mafi yawan gilashin da ake kawo mini.

Sai alumina, Al2O3, tare da silika, SiO2. A tektait silika na tsakanin kashi 65 da 80, alumina tsakanin 10 da 17, sannan ƙarfe da magnesiya da kalsiyam da potasiyam kowanne 'yan kashi kaɗan. Wannan shi ne tsarin ƙasa mai yumɓu da yashi, irin wadda ke shimfiɗe a saman nahiyoyi. Ta Kwaddibuwa tana da silika wajen 68, alumina wajen 17, ƙarfe wajen 6, magnesiya 3 da rabi, sodiyam da potasiyam kowanne daf da 2. Koren gilashin Cek ya fi ta silika, yana kusantar 80, ƙarfensa kuma kaɗan ne, shi ya sa haske ke ratsa shi. Ƙanana sun fi manya sassaɓawa: akwai masu launin koren kwalba da silikarsu ke sauka zuwa wajen 50, magnesiyarsu ta haura 10. An kuma lura cewa ƙananan da suka fi nisa da inda aka yi karon, irin waɗanda aka samu a tsaunukan Antatika, sun fi rasa sodiyam da potasiyam, domin su ne suka fi shan zafi, waɗannan biyun kuma su ke fara tashi. A can ƙarshen layi akwai gilashin hamadar Libiya, a yammacin Masar, mai shekara wajen miliyan 29, wanda silikarsa ta kai kashi 98. Da shi aka sassaƙa buzuzun da ke tsakiyar abin wuyan Fir'auna Tutankhamun.

Na uku shi ne magnesiya, MgO, kuma a nan ne mai neman ƙurar sama zai tsaya ya natsu. Yawancin duwatsun sama ba su da yumɓu irin namu. Olibin da dangoginsa ne suka cika su. Don haka ƙwayar da ta fito daga cikinsu tana da silika wajen kashi 40 kawai, magnesiya mai yawan gaske, sau da yawa tsakanin 25 da 35, ƙarfe mai yawa shi ma, alumina da kalsiyam kuwa kowanne wajen 2 zuwa 4, sodiyam da potasiyam kusan babu saboda sun ƙone a hanya. Idan ka juya lissafin zuwa ƙwayoyin zarra, magnesiyam da silikon sukan zo kusan kunnen doki. Babu wani abu da ake ƙerawa ko ƙonawa a garin nan da ke ba da wannan tsari cikin sauƙi. Duk lokacin da na ga magnesiya ta tashi haka alumina ta kwanta, sai in ji tsigar jikina ta tashi, domin abin da ke gabana ya girmi duk dutsen da ke ƙarƙashin Sakkwato. Duwatsun da ya ɓalle daga cikinsu sun kai shekara biliyan 4 da rabi.

Na huɗu nikel. Jama'a sun ji cewa nikel alamar dutsen sama ce, kuma haka ne, har dutsen ƙarfen da ya faɗo nan Sakkwato a Janairun 2008 gamin ƙarfe da nikel ne. Amma a yi hattara. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake yin ƙofofi da makarin bene da shi yanzu, yana da nikel, sai dai yana zuwa da kuromiyam mai yawa. Tartsatsin walda na yau da kullum kuwa ƙarfe ne kusan zalla, da ɗan manganis, da titaniyam daga ɓawon sandar walda. Akwai ƙurar sama da ita ma ƙarfe ce zalla, amma a cikin birni raba ta da ta mai walda yana da wuya ƙwarai, sai an yanka an ga ƙullin nikel a ciki. Shawarata ga mai farawa ita ce ya bar masu ƙarfe zalla, ya bi masu magnesiya. Kuma ba dukan duwatsun sama ne ke da nikel mai yawa ba: dutsen Zagami, mai kilo 18, da ya faɗo a ƙasar Katsina ranar 3 ga Oktoba 1962, daga duniyar Mars ya zo, kuma tsarinsa na dutsen aman wuta ne.

Sauran masu ruɗi suna da tambarinsu. Kalsiyam ya yi rinjaye, ƙurar siminti ce ko farar ƙasa. Potasiyam ya yi yawa tare da silika, tokar kara ce ko ciyawa da ta narke. Seriyam da lantanam sun bayyana, ƙanƙarar ƙyastu ce ta laita.

Akwai abu ɗaya da EDS ba ya gani, alhali shi ne babbar shaidar tektait: ruwa. Gilashin aman wuta yana riƙe da ruwa a jikinsa, tektait kuwa ta bushe ƙarau, ruwanta yawanci bai kai kashi 0.02 ba, na gilashin aman wuta ya ninka haka sau goma ko fiye. Zafin karon ne ya kore shi. Shi ya sa idan aka gasa ɓallin gilashin aman wuta da wuta mai ƙarfi yake kumbura ya yi kumfa, tektait kuwa ta narke shiru. Kada ka gwada wannan da ƙwayarka guda ɗaya tilo. Awon ruwa aikin na'urar hasken infrared ne. Idan an goge ƙwayar, ka roƙi a duba maka ko akwai siraran zaruruwa na silika zalla a murɗe cikin gilashin. Ƙwayoyin yashi ne da suka narke ba su gama gauraya ba, kuma hakan na bukatar zafin da ya haura digiri 1,700, wanda aman wuta ba ya kaiwa.

Ga mai son gilashin karo na gaske

Tunda rufi ba zai ba ka shi ba, sai duwatsu masu hawa-hawa. A nan Sakkwato tana da abin da jihohi da yawa ba su da shi. Teku ta taɓa rufe wannan yanki, ta bar shimfiɗu da masana suka raɗa wa sunayen garuruwanmu: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina. A shimfiɗar Dukamaje aka sami ƙasusuwan wani babban ƙadangaren teku da aka sa wa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita ragowar halittun wannan teku ce. Tsakanin shimfiɗar Wurno da ta Dange ne masana ke sanya iyakar zamanin da ya ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, lokacin da dutse mai faɗin kilomita 10 ya faɗa Chicxulub a Meksiko, ya watsa ƙwayoyin narkakken dutse ko'ina a duniya, ya bar siririn layi mai yawan iridiyam (wani ƙarfe da ya fi yawa a duwatsun sama), wanda Luis Alvarez da ɗansa Walter da abokan aikinsu suka bayyana a 1980.

Wanda zai duba wannan iyaka kada ya sa ran gilashi mai sheƙi. A mafi yawan wurare ƙwayoyin wancan zamani sun rikiɗe sun zama yumɓu, siffar kawai ta rage. Wurare ƙalilan ne, irin Beloc a Haiti, gilashin ya tsira. Ga kuma ƙwayoyin dutsen ƙarfe da na fosfet da ke cikin shimfiɗunmu, masu kama da su matuƙa. Aiki ne na ɗalibin jami'a tare da malaminsa, ba na mutum ɗaya da leda ba, kuma ina fatan 'ya'yanmu su ɗauke shi da muhimmanci. A ɗebi samfur daga bangon kwazazzabo da aka kankare fuskarsa, kowane santimita kaɗan a leda daban, a rubuta tsayinsa daga wata alama tabbatacciya. Kafin a kama hanyar Wurno ko Goronyo a tambayi halin tsaro, a kuma fara gaida hakimi ko mai gari a faɗa masa abin da ya kawo ku.

Wani zai tambaya ko akwai kuɗi a ciki. Babu. Ƙwaya ɗaya ba ta da kasuwar da za ta mayar maka da kuɗin awo, kuma duk wanda ya zo maka da kwalbar "gilashin sama" yana neman miliyoyi, ka nemi takardar awo ka duba layin sodiyam.

Kowace ƙwaya da ka ware, ka manna ta a ɗan selotef mai fuska biyu cikin ƙaramin akwatin roba mai murfi, ka ba ta lamba. A littafi ka rubuta lambar, da shiyyar da ginin yake, da irin rufin, da ranar da ka share, da nauyin ƙurar kafin wanki da bayansa, da ko mayen ƙarfe ya ja ta, da nisan mai walda mafi kusa. Idan sakamakon awo ya zo, ka manna kwafinsa a shafin, har da na waɗanda suka fito tartsatsin walda, domin da su za ka gwada na gaba. Idan ka share rufi tas a bana ka rubuta ranar, duk abin da ka samu a kansa baɗi ka san cikin shekara ɗaya ya sauka, kuma ka auna faɗin rufin da mita don a iya lissafa yawan abin da ke faɗowa a kowace murabba'in mita.